Dala 299 zuwa tsibiri? Yadda aka kwashe da Mai Riɗi a zauren garinmu

Zauren WhatsApp na 'yan asalin garinmu, ƙaramar hukumar Taura. Daren Lahadi ne cikin Nuwamban 2025, bayan an taso daga kasuwar Gujungu.

Mai Riɗi: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, amma don Allah a riƙe dariya sai na kai aya. Bana shekararmu goma sha biyar da uwargida. Tun muna amarci na yi mata alkawarin zan kai ta ta ga teku, har yau kuwa ruwan da ya fi girma a idonta shi ne kogin Haɗeja in ya yi ambaliya. Riɗin bana ya yi, alhamdu lillahi. To sai ga talla a Facebook: jirgin ruwa na yawon shaƙatawa, kwana huɗu, daga Miami ta Amurka zuwa tsibiran Bahamas, dala 299 har da ci da makwanci. Na buga a kan naira 1,500 kowace dala, na ga ko naira dubu ɗari biyar bai cika ba. Ai san huɗa ɗaya ya fi haka. Wanda ya san kan abin nan ya faɗa mini, wane kamfani ya fi, kuma nawa zan tanada?

Auta: Yaya, Miami ɗin a ƙasa za ka je ko a bayan a-kori-kura?

Hedimasta: Auta, an ce a bar dariya. Yayanka ne. Wa alaikumus salam, Alhaji. Ina Ɗan Canji? Wannan aikinka ne.

Ɗan Canji: Ga ni, Malam. Alhaji, kullum a Wapa muna ganin masu zuwa sayen dala saboda irin wannan talla, don haka bari mu yi lissafin tare. Da farko, 299 ɗin nan kuɗin mutum ɗaya ne, a kan sharaɗin ku biyu ne a ɗaki. Kai da Hajiya, 598 ke nan. In ma kai kaɗai ka je, yawancinsu sai sun caje ka kusan kuɗin mutum biyu, don ɗakin suke sayarwa. Na biyu, akwai tukuicin ma'aikata da ake rubuta maka kullum ko ba ka ce a rubuta ba. A manyan kamfanonin Amurka yana kamawa daga wajen dala 16 zuwa 20 a kan kowane mutum kowace rana. Mu ɗauki na ƙasa, 16 sau biyu sau huɗu, 128. Mun kai 726. Kuɗin neman bizar Amurka dala 185 kowannenku, 370, kuma ko an hana ku ba a mayarwa. Mun tashi 1,096. A 1,500 ɗin da ka buga, naira miliyan ɗaya da dubu ɗari shida da arba'in da huɗu. Ban sa tikitin jirgin sama ba, wanda na mutum ɗaya kawai ya ninka kuɗin jirgin ruwan sau da yawa. Ban sa otal na daren da za ku kwana a Miami kafin ku hau ba. Ban sa zuwa Abuja intabiyu ba.

Mai Riɗi: Inna lillahi. Sa ɗaya ya zama garke.

Ɗan Canji: Ka kuma duba ƙananan rubutun da ke ƙasan tallar. Wata ta haɗa da haraji da kuɗin tashoshi, wata ba ta haɗa ba.

Auta: Na nemi afuwa, Yaya, yanzu da gaske nake. Na ɗan bincika. A can Miami manyan su ne Carnival da Royal Caribbean da Norwegian, sai MSC. Carnival an san shi da sauƙin kuɗi da gajerun tafiye-tafiye, amma akwai hayaniya da kiɗa. Royal Caribbean su ke da Icon of the Seas da ya fara aiki a Janairun 2024. Tsawonsa mita 365, yana iya ɗaukar fasinja har 7,600, ban da ma'aikata fiye da dubu biyu. Wallahi ya fi mutanen garinmu yawa har da na rugagen da ke kewaye. Amma shi kwana bakwai yake yi, kuma kuɗinsa ba ya kusa da 299. Sabon jirgi tsada, tsoho araha, ko da kamfani ɗaya ne. Wani abin kuma, kusan kowannensu yana da nasa tsibirin a Bahamas. Royal na da CocoCay, Norwegian na da Great Stirrup Cay, MSC na da Ocean Cay. Can suke sauke mutane su wuni.

Baba Sarkin Noma: (Jikansa ne ke rubutawa.) Baba ya ce a tambaya, mutum dubu bakwai a kan ruwa, in abin ya kife wa zai tsamo wa? Ya ce bai manta da kwale-kwalen Ɓagwai na 2021 ba.

Na Durban: Allah ya ji ƙan waɗanda suka rasu, Baba. A gaishe shi da kyau. A gaya masa waɗannan jirage ba a tashi sai kowa ya san inda rigar ruwansa take da inda zai tsaya in an busa ƙararrawa, doka ce. Ba wai ba sa haɗari ba, Costa Concordia ya kife a gaɓar Italiya a 2012, mutum 32 suka mutu. Amma ni da ke bin hanyar Kano zuwa Gumel da daddare in na zo gida, na san inda gabana ya fi faɗuwa.

Alhaji, ni kuma bari in rushe maka lissafin gaba ɗaya. Duk kun tsaya kuna gwada Carnival da Royal, alhali ba nan gizo ke saƙar ba. Mai koren fasfo ba kamfani yake fara zaɓa ba, tasha yake zaɓa, wato inda zai iya kai ƙafarsa. Tun Yulin bana Amurka ta mayar da yawancin bizar ziyara ta 'yan Najeriya shiga ɗaya, wata uku. To ka duba: ka sauka Miami, ka ci shigarka ɗaya. Ka hau jirgi ka tafi Bahamas, ka fita daga Amurka ke nan. Jirgin ya juyo da kai Miami, da wace bizar za ka sake shiga? Su kamfanonin sun san haka, tun a bakin tasha za su duba takardunka su ce ba ka hawa, kuma kuɗinka ya tafi, domin a ƙa'idarsu neman biza wuyan fasinja yake.

Ɗan Canji: Wannan ban ma kawo shi a raina ba. Na sallama.

Mai Riɗi: To Miami ta faɗi. Ƙanina, kai da ke bakin teku, me ke nan wajenku?

Na Durban: Nan MSC ne ke riƙe da harkar. Ka san su ai, su ne masu kwantenonin nan da ake rubuta msc a jiki, da kake gani a bayan tireloli daga Legas. Jirginsu na fasinja yakan zo ya yi kaka a nan, daga wajen Nuwamba zuwa Afrilu, lokacin zafinmu. Akwai gajeriyar tafiya ta kwana uku ko huɗu daga Durban, nan Afirka ta Kudu, zuwa Mozambik, ko dai tsibirin da ake kira Portuguese Island kusa da Inhaca a bakin Maputo, ko Pomene can gaba. Akwai kuma doguwa ta kusan mako biyu zuwa Morishus da Reyuniyon.

Ni na yi ta kwana uku da iyalina. Tsibirin ba gari ba ne, ba kowa a cikinsa, yashi ne fari ƙal kamar an tankaɗe gari, sai ruwa shuɗi da kake hango ƙafarka a ciki. Babban jirgin ba ya matsowa, can nesa yake tsayawa, sai a riƙa kwasar mutane a ƙananan jirage. Maman yara ta shiga ruwa da hijabinta har gwiwa, igiyar ruwa ta zo ta kwashe mata silifas ɗaya, ta dawo jirgi da ƙafa ɗaya a takalmi tana ta dariya. Har yau ɗayan yana nan ta ajiye.

Amma ka san wannan: in iska ta yi ƙarfi kyaftin na iya cewa ba a sauka, ku yi ta kallon tsibiri daga nesa. Yana cikin sharuɗɗan kowane kamfani. Kuma watannin nan su ne na guguwa a wannan yanki na tekun Indiya, kamar yadda Yuni zuwa Nuwamba yake a Karibiyan, can wajen su Bahamas. Shi ya sa in ka ga farashi ya faɗi warwas, duba watan tukuna.

Mai Riɗi: Ta kwana ukun nan ta kwanta mini. Hanya fa?

Na Durban: Ethiopian na tashi daga Kano zuwa Addis Ababa, daga can Johannesburg, sai ka hau na cikin gida zuwa Durban, kamar awa ɗaya. Sai bizar Afirka ta Kudu, ita ma ka nemi mai shiga fiye da ɗaya, don matsalar Miami tana nan ma. Ka rubuta wa kamfanin ka ce fasfon Najeriya gare ka, su ba ka amsa a rubuce game da Mozambik. Kada ka manta da katin rigakafin shawara. Doguwar kuwa ka cire ta a ranka, Reyuniyon ƙasar Faransa ce, bizarta daban, ko da ka ce ba za ka sauka ba sai an nema.

Kuɗi kuma da rand ake biya a nan, kuma ɗaki ne ke raba farashi. Na ciki marar taga shi ne mafi araha, sai mai taga, sai mai baranda. Ni na ciki na kama. Kwana kawai za ka yi a ciki.

Anti Nas: A'a, ƙanina, nan ban bi ka ba. Ku maza haka kuke. Matar da ba ta saba cuɗanya da maza ba, ka sa ta a ɗakin da ba ta san dare ba ba ta san rana ba, in tana son ganin teku sai ta hau sama inda mutane ke kwance rabi tsirara a bakin wurin wanka? Ita fa tekun aka kai ta gani. Baranda ita ce tafiyar gaba ɗaya. Ta zauna ta cire mayafi ta sha iska ba mai ganinta. In kuɗin baranda bai samu ba, a rage kwana, kada a rage ɗaki.

Na Durban: Anti, bambancin ba kaɗan ba ne fa.

Anti Nas: Na sani. Shekara goma sha biyar ma ba kaɗan ba ce.

Malam Na'ibi: Assalamu alaikum. Na daɗe ina karantawa. Alhaji, tambaya ɗaya gare ni. Kai ka sauke farali, Hajiya fa? Sunan kawai muke kiranta da shi. Mutum yana da abin da zai kai matarsa ɗakin Allah, sai ya ɗauke ta ya kai ta inda ake caca da shan giya? Hawa jirgin ruwa ba laifi ba ne, sahabbai a jirgin ruwa suka yi hijira zuwa Habasha, kuma salla ta inganta a cikinsa, mutum ya fuskanci alƙibla iyakar iyawarsa, ya yi ƙasaru. Abin da ke cikin jirgin nake ji.

Mai Riɗi: Allah ya gafarta Malam, gaskiya ka faɗa, kuma ta taɓa ni. Kujerarta tana cikin niyyata. Sai dai wannan alkawari ne na daban, da bakina na yi shi.

Auta: Malam, a otal-otal ɗin Abuja ma ai akwai mashaya, kuma alhazai na kwana.

Hedimasta: Auta.

Auta: Na yi shiru.

Anti Nas: Malam, bari in shiga tsakani, don abin da kuke nema yana nan bakin ƙofata a Jidda. Akwai jirgin Saudiyya, AROYA, na kamfanin Cruise Saudi. Ya fara ɗaukar fasinja a Disambar 2024. Ba giya, ba gidan caca, abinci halal ne duka, akwai wurin salla, akwai wuraren da aka keɓe wa mata. Yana yawo a Bahar Maliya, yana zuwa Sharm el-Sheikh a Masar da Aƙaba a Jodan, yana kuma tsayawa a wani tsibirinsu da ke kudu da Jidda, Jabal al-Sabaya. Abokan aikina sun je, na ga hotuna. Da zafi ya yi kuma yakan koma wajen Turkiyya, don haka sai an duba lokacin da yake nan. Mutum ya yi umararsa, Makka zuwa Jidda tafiyar awa ɗaya ce da 'yan kai, ya hau jirgi.

Malam Na'ibi: To wannan magana ce. In haka ne bakina ya mutu, da sharaɗin umarar ce gaba.

Na Durban: Anti, ba na kushewa, amma Alhaji tsibiri mai itatuwan kwakwa ya gani a talla. Bahar Maliya ruwan ne mai kyau, tudun kuwa ƙungurmin hamada ne. Mutumin da ya taso daga Jigawa ya biya miliyoyi ya je kallon yashi da rana?

Anti Nas: Kai da bakinka ka ce naka tsibirin ma yashi ne.

Ɗan Canji: An kama ka, Na Durban. Amma Anti, tambayar ɗazu tana nan. Bizar umara za ta bar mutum ya fita zuwa Masar ya dawo Jidda?

Anti Nas: Wannan kam kada ya biya ko riyal ɗaya sai kamfanin ya tabbatar masa a rubuce. In da tafiyar da ba ta fita ruwan Saudiyya, ita zai nema. Bari in ƙara da na aikina. In Hajiya na da juna biyu, yawancin kamfanoni ba sa ɗaukar wadda cikinta ya kai mako 24, jariri kuma sai ya yi wata shida. Akwai asibiti a jirgi amma da kuɗi ne, masu zafi kuwa, don haka ku yi inshorar tafiya, ku tafi da magungunanku a kwalayensu. Mai jin jiri ya nemi ɗaki a tsakiyar jirgi, hawa na ƙasa-ƙasa, nan ne ba ya rawa sosai. Citta ma tana taimakawa.

Na Durban: Tunda ana tonawa, bari in tona wautata. Na bar datar wayata a buɗe a tsakiyar teku. Ashe wayar ta kama layin jirgi mai bi ta tauraron ɗan'adam. Kuɗin da aka cire mini a dare ɗaya ya isa in yi wata ina kira gida. Ka kashe data da zarar an saki igiya. Intanet na jirgi sayarwa ake yi daban, lemon kwalba daban, yawon da za a kai ku in an sauka daban. Abinci ne kawai za ka ci iya cikinka, shi ma akwai ɗakunan cin da ake biya. Ba a karɓar tsabar kuɗi a ciki, kati ɗaya za su ba ka, shi ne makullin ɗaki shi ne aljihu. Kana miƙawa ba ka jin zafi, sai daren ƙarshe a turo maka takarda. Game da nama kuma, in ba jirgin su Anti ba ne, ka nemi na halal tun wajen biya. In babu, kifi da ƙwai da shinkafa sun ishe ka kwana uku.

Direba: Ni duk ban gane wahalar nan ba. Teku take son gani? Ka sa ta a mota ku tafi Legas. Ni duk wata ina Apapa.

Gwaggo: Kai Direba rufa mana baki, wa zai kai matarsa hutu cikin cunkoson tireloli.

Hedimasta: Maganar Direba da ɗan ƙamshin gaskiya, ta wata fuska. In tsibirin ake so ba jirgin ba, ai ana iya hawa jirgin sama a sauka a tsibirin a kama masauki. Zanzibar ga ta nan, garin Musulmi, kiran salla ko'ina, daga Darussalam jirgin ruwa awa biyu ne, ka ga an hau ruwan ma. Sun sa inshorar dole ta dala 44 a kan kowane baƙo tun Oktoban 2024, sai bizar Tanzaniya da za a nema tun daga gida. Biza ɗaya, ƙasa ɗaya. A jirgi kuwa wuni ɗaya za a ba ku a tsibiri, kafin la'asar an fara kiran a dawo, kuma in kun makara tafiyarsa zai yi.

Na Durban: Haka ne, Malam. Sai dai kwana a tsakiyar ruwa, ka fito da asuba ba ƙasa ta ko'ina, wannan otal ba ya sayar da shi.

Ɗan Canji: Ko wanne ka zaɓa, Alhaji, kada ka ba wani ejan kuɗi a hannu. Wani abokin cinikina ya tura wa wani mai ofis a cikin birni kuɗin mutum biyu, aka ba shi takarda mai hoton jirgi, ashe ko ɗaki ba a kama ba. Ka karɓi lambar rajista, ka shiga shafin kamfanin da kanka ka ga sunanka da na Hajiya. Auta zai taya ka.

Gwaggo: Duk kun yi ta yanke wa yarinya hukunci, ba wanda ya ce a tambaye ta. Ni na taka na je gidan yanzu, ga ta kusa da ni. Na ce mata ko a saya mata firiza da sola a bar zancen ruwan nan. Ta ce firiza ta sha alkawarinta ita ma, amma teku ta riga ta. Ta ce in da umara a ciki ta fi so. Ta ce kuma a gaya wa Anti ta gode da maganar baranda.

Anti Nas: Ka ji ko, Na Durban.

Mai Riɗi: Shi ke nan, an gama da ni. Anti, ki binciko mini na Jidda, wata da farashin mai baranda. Ƙanina, kai ma turo na Durban in gwada, har da tikitin Ethiopian. Ɗan Canji, sauran riɗin ba zan sayar yanzu ba sai na ga lissafin ku biyun.

Auta: Yaya, tambaya ta ƙarshe. Anti Hajiya na da fasfo?

Mai Riɗi: Babu.

Auta: To daga Dutse za a fara. Naira dubu ɗari ne yanzu mai shafi 32, tun Satumba. Kuma a duba sunanta na NIN ya dace da na takardar haihuwa, in ba haka ba sai an yi ta sintiri.

Hedimasta: Madalla. Sai da safenku. Alhaji, kafin ka tafi tsibiri, dubu biyar ɗinka ta gyaran famfon bakin masallaci ba ta shigo ba, kai da Direba.